Shekarar da Ƙofofina Suka Tsiro da Shinkafa

Ku jawo bencin nan cikin inuwa, tun da wayoyinku ba su gama caji ba. Tambayar da ɗayanku ya yi ɗazu nake so in amsa: wai ƙofar gareji mai soso a ciki, irin wadda kuka gani a waya, tana da amfani a wannan zafin namu, ko kuwa gayu ne kawai? Na kuma ji wanda ya ce ai haɗa ta ba wuya, falle biyu na ƙarfe, ka cusa soso a tsakiya, ka ɗiga walda, an gama. Ban ga laifinsa ba. Ni ma haka na taɓa faɗa, kuma da bakin nan nawa.

Sunana Adamu, amma daga Nguru har nan Gashua da Ado Walda aka san ni. A Katuzu aka haife ni. Mahaifina manomin fadama ne, kuma shekara uku yana yanka mini ɗan fegi in gwada hannuna. Barkono ya ƙi. Albasa ta ƙi. Shinkafa, da take fitowa ko a bakin hanya idan buhu ya yage, tawa ta ƙi. Sai ya ce ƙasa ba ta sona, a kai ni inda ba a shuka. Aka ɗora ni a bayan akori-kura, aka kai ni Nguru wurin wani mai walda da ke kusa da tashar jirgi, ana ce masa Ba Kyari.

Ba Kyari Babarbare ne, dogo, siriri, ba ya ɗaga murya. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai “tada”, wato yaro da yarensu, kuma a Hausarsa komai namiji ne, har mota. Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai injin walda da ya naɗa da hannunsa a cikin akwatin katako, idan an kunna shi yana gurnani kamar sa. Akwai guduma uku, zarto, kurfi, tef, da baƙin gilashi guda ɗaya da aka ɗaure da robar tayar keke. Sai kuma sukwaya, ƙarfen da ake duba kusurwa da shi. Wannan ita ce 'yar lelensa. Ran da na yar da ita ƙasa bai dake ni ba. Cewa ya yi in ɗauke ta, in goge ta da rigata, in ba ta haƙuri. Na ba ta haƙuri a gaban mutane. Ya ce ba ta ji ba, in sake.

Shekara guda cur ban taɓa injin ba. Miƙar da ƙarfe, kankare tsatsa, riƙe kan tef, shi ne aikina. Tun ranar farko ya gargaɗe ni kada in kalli hasken walda. Na kalla mana. Wa zai ga wannan shuɗin haske ya kawar da kai? Washegari na zo shago ido a kumbure, kamar an zuba mini yashi, hawaye na zuba, ina lalube. Ya dube ni ya ce, “Jiya ka gani ko? To, yau ba ka gani.”

Aikin farko da ya sake mini ni kaɗai, sakata ce. Wani ɗan kasuwar hatsi ya gina gareji, mun sa masa ƙofa mai ƙyaure biyu, saura sakata ta ciki. Garejin ba taga, ba wata ƙofa ta baya. Na ja wayoyin injin ta ƙarƙashi, na shiga, na rufe ƙyauren biyu don in daidaita, na fara walda. Hannuna ya yi daɗi, na ja layi mai kyau, dogo. Da na gama na tura ƙofa, sai ta ƙi motsi. Layin nan mai kyau ya haye daga wannan ƙyaure zuwa wancan. Na liƙe kaina a ciki, da azahar, a tsakiyar bazara, rana kuma ta fara juyowa kan ƙofar.

Na buga ƙofa da tafin hannu, sai na ji kamar na mari kaskon suya. Na koma bugu da guduma. Mai gidan ya aika aka kira Ba Kyari. Ina jin takunsa har ya tsaya a waje.

“Tada, kana ciki?”

“Ina ciki, Ba.”

“Walda ya kama?”

“Ta kama, Ba.”

Ya jijjiga ƙofar. “Kai, ya kama da kyau. Madalla.”

Daga nan sai na ji an kawo masa abinci. Ina jin ƙarar cokali. Sai da ya cinye, ya sha ruwa, ya wanke hannu, sannan ya sa kurfi ya yanke waldar. Na fito kamar an tsamo ni daga kogi. Ya ce, “Me ka koya?” Na ce na koyi kada in haɗa ƙyaure biyu. Ya ce, “A'a, wannan ko jaki ya sani. Ka koyi abin da mota yake sha kullum.” Gaskiya ya faɗa. Daga ranar, idan mutum ya ce mini garejinsa da zafi, ba na musu da shi.

Da na sami 'yanci na buɗe shagona a can Nguru ɗin, ina yin get, tagogi, gadon ƙarfe, abin da ya samu. A cikin waɗanda na yi wa ƙofar gareji akwai Alhaji Lawan, dillalin bandar kifi, mutum mai ƙiba da fara'a. Ƙofa ce ta falle ɗaya, na shafe ta da baƙin fenti domin ya ce baƙi ya fi kwarjini. Bayan shekara biyu, farkon bazara, sai ga shi a shago yana fifita da hula.

“Ado, ka iya ƙofa mai riga?”

“Riga kuma, Alhaji?”

Ya ce ɗansa da ke karatu a ƙasar Turawa ya gaya masa can ƙofar gareji falle biyu ce, da soso a tsakiya, don kada sanyi ya shiga. Shi kuwa ya zauna ya yi tunani, ya ga abin da ya tare sanyi ai zai tare zafi. Ya ce in zo gida in ga abin da yake ciki.

Garejin yana kallon yamma sak. Daga azahar zuwa magariba rana ba ta da aikin yi sai dukan baƙar ƙofar nan. Sitiyarin motarsa sai da tawul yake kama shi. Amma ba motar ce ta dame shi ba. Bango ɗaya ne ya raba garejin da ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya Yagana, tsohuwa 'yar ƙarama mai sanda da kaifin baki. Zafin garejin yana ratsa bangon ya cika mata ɗaki. Don haka kullum bayan azahar sai ta ɗauko tabarmarta ta dawo zaure, inda Alhaji ke ciniki da masu sarin kifi daga kudu. Kuma ba ta iya yin shiru. Alhaji zai ce wannan kwandon sabon zuwa ne, sai ta ce daga kan tabarma, “Lawan, ba shi ne wanda ya kwana biyu a sito ba?” Zai faɗi farashi, sai ta ce wa baƙon, “Ɗana, jiya ya sayar ƙasa da haka.”

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo.

“Kai ne ka ƙera ƙofar can?”

“Ni ne, Hajiya.”

“Allah ya yi maka albarka. Da ka gaya mini tanda za ka gina mini, ai da na riƙa kwaɓa gurasa.”

Alhaji ya ja ni gefe, ya riƙe mini hannu da hannuwansa biyu. “Ado, ka taimake ni. Idan Ya, tsohuwar nan tawa, ba ta koma ɗakinta ba, bana sai na daina kasuwa. Ka iya ko ba ka iya ba?” Ban taɓa ganin irin ƙofar ba ko a hoto. Na ce, “Haba Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne.”

Ga yadda ƙaramin aikin ya kasance. Na je kasuwa na sayo sabon soson katifa, mai kauri. Na haɗa firam, na liƙa fallen waje, na yanka soson na shimfiɗa shi tsaf, na ɗora fallen ciki, na saukar da baƙin gilashi a idona, na fara walda a gefe. Idan gilashin nan yana idonka ba abin da kake gani a duniya sai wurin da sandar walda take taɓawa. Na ji ƙauri, na ce mai tsire ne ya fara da wuri. Na ji ɗumi a haɓata, na ce bazara ce. Sai da telan da ke maƙwabtaka da ni ya fito yana salati, ya kwara mini bokitin ruwa a ka. Na ɗaga gilashi, na ga baƙin hayaƙi yana fita ta kowace kafa ta ƙofar. Wutar tana ciki, tsakanin falle biyu, inda ruwa ba ya kai wa. Muka tsaya muna kallo tana ci, ƙofar tana kumbura tana huci, har ta lanƙwashe kamar bandar tarwaɗa. Rabin gemuna ya tafi, na hagu. Sati biyu ina yi wa mutane magana ta gefen dama.

Wannan shi ne darasi na farko, kuma kyauta na ba ku shi: soso da walda ba sa haɗuwa. Duk abin da za a yi da wuta a gama shi, ƙarfe ya huce, sannan soso ya zo.

Ni kuwa a lokacin tsoron soso ne ya kama ni gaba ɗaya. Ina cikin neman mafita sai tafiya ta kama ni zuwa Katuzu. A bayan motar da muka shiga daga Gashua akwai wani mai sayar da ƙanƙara, ya binne ƙanƙararsa a cikin buhunan buntun shinkafa. Rana tana dukanmu, mu muna narkewa, ƙanƙarar nan ko gezau. Da muka isa ya tono ta, tana nan yadda take. Na ce a raina, Ado, Allah ya kawo ka. Buntu kuwa a wurin masu injin casa na Gashua tuli yake, roƙonka ma suke ka kwashe.

Na koma na sake ƙera ƙofar. Na gama walda duka, na bar ramuka huɗu a sama. Waldar gindin kuwa ɗige-ɗige na yi ta, ban ja layi ba, don in rage cin sanda, na ce wa zai leƙa ƙasa. Da ƙarfe ya huce na kafa mazurari, na yi ta ɗura buntu ina danna shi da rodi, har ƙofar ta ƙoshi. Na toshe ramukan da guntun gwangwani, na shafe da fenti. 'Yan dako shida ne suka ɗaga ƙyaure ɗaya, suna tambayata ko mutum na sa a ciki.

Ranar gwaji bayan la'asar aka yi shi. Hajiya ta taso daga zaure da sandarta, Alhaji na biye, ni ina bayansa. Ta fara taɓa ƙofar ta waje da ɗan yatsa, ta janye da sauri. Ta zagaya ciki, ta ɗora tafin hannunta. Ta bar shi a wurin. Ta ɗora kumatunta. Ta shiga ɗakinta ta taɓa bango, ta fito. Ta juyo wajen ɗanta.

“Lawan,” ta ce, “a mayar mini da tabarmata ɗaki.”

Alhaji ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

Ku lura da wannan, domin shi ne gaskiyar da ke cikin shirmen: abin ya yi aiki. Waje ba ya taɓuwa, ciki kuwa lafiya lau. Tunanin Alhaji daidai ne, abin da ya tare sanyi yana tare zafi. Shi kuma ba ya iya riƙe magana, ya baza ni a kasuwar kifi, ya baza ni a masallaci. Kafin bazara ta ƙare na yi irin ƙofar guda tara, shida a Nguru, uku a Gashua. Aka daina ce mini Ado Walda, aka koma Injiniya. Na sayi biro uku na jera a aljihun gaba, ni da ko sunana sai na huta a tsakiya nake gama rubutawa.

Kaji ne suka fara tona mini asiri. Wani mai ƙofa ya ce mini ya rasa dalili, duk kajin unguwarsu sun tare a bakin garejinsa, mota ba ta fita sai an kore su. Buntu ne yake zuba kaɗan-kaɗan ta tsakanin ɗigon walda. Na ce masa alama ce ta arziki. Wani kuma ya ce idan ya buɗe ƙofarsa yana jin gudu a cikinta. Ɓeraye ne suka sami gida mai sanyi, ga abinci a ɗaki. Na ce masa ƙarfe ne yake miƙa.

Sai damina ta sauka. Zafin bazara ya riga ya fasa fentin da na toshe ramukan sama da shi, ruwa ya sami hanya. Buntun injin casa kuwa ba ya rasa ƙwayar shinkafar da ta tsere ba a cashe ta ba. Wannan kowane ɗan Katuzu ya sani, ban da ni.

Cikin marka, wata Asabar da safe, aka ce Alhaji Lawan yana nemana yanzu-yanzu. Tun daga kan kwana na hango taro. Na kutsa. Ƙofar nan tawa, ta Injiniya, ta yi kore shar. Duk tsawon gindinta shinkafa ce ta tsiro, layi guda, ta fi ɗan yatsa tsawo. Ta fito ta gefen hinji. Ta fito ta ramin makulli. Wata akuya ta miƙe a kan ƙafafunta na baya tana kiwo a jikin ƙofar. Buntun ya sha ruwa ya yi nauyi, hinjin sama ya lanƙwashe, ƙyauren ya zauna daram a ƙasa. Mota tana ciki. Alhaji yana waje cikin babbar riga, shi ne waliyyin amarya a wani ɗaurin aure a Gashua da hantsi. Ga kuma wani tsamin wari da ke fitowa daga ƙofar, wanda ya sa limamin unguwa ya matso kusa da Alhaji ya tambaye shi a hankali ko akwai abin da ake jiƙawa a gidan.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dube ni, ya dubi biro ukun nan, ya ce, “Injiniya, yaushe ne girbi?” Sannan ya tattare rigarsa ya shiga keke mai ƙafa uku zuwa tasha, rabin rigar yana waje. Hajiya kuwa ta fito da sanda ta kori akuyar, ta duƙa ta duba tsiron, ta ce kada wanda ya taɓa na gefen dama, ya fi kyau, a bari ya nuna.

Labari ya kai Katuzu kafin azahar. Washegari mahaifina ya hau bayan babur, da tsufansa, ya zo har Nguru don ya gani da idonsa. Ya tsuguna a gaban ƙofar, ya kama ganye ɗaya ya murza, ya duba saiwar. Ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce, “Adamu, shekara uku ina ba ka fadama. Ashe ƙarfe ya kamata in ba ka.”

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ƙofofin tara duka sun yi, wata ta tsiro, wata ta ruɓe, wata ta zauna. Sauran daminar a kansu na ƙare ta. In je gida, in kwance ƙofa, in yanka fallen ciki, in kwashe ruɓaɓɓen buntu da shebur, ɓeraye suna tsalle ta kan kafaɗata, in kankare tsatsa, in gyara hinji, in mayar musu da ita falle ɗaya kamar ta kowa. Ban karɓi komai a hannun kowa ba, da wane ido? Ran da nake yanka ta Alhaji, Ba Kyari ya sa aka kawo masa kujera ya zauna yana kallo. Ya tsufa sosai a lokacin. Sai da na gama ya ce, “Tada, tunani daidai ne, kaya ne ba daidai ba. Abin da za ka sa a cikin ƙofa, kada ya sha ruwa, kada ya yi nauyi. Kuma kada ka sa abin da wani yake ci.”

Aiki ya ɗauke ɗif. Ba mai kawo get, ba mai kawo ko taga. Idan na ratsa kasuwa sai in ji an ce, “Ado, nawa mudu?” Biro ukun na ba tela. Injin gurza ƙarfe da na saya da kuɗin ƙofofin na sayar da shi muka ci abinci. Da kaka ta yi na tattara iyalina na dawo Gashua, duk da nan ma akwai gida uku da ba na bi ta ƙofarsu. Na kafa rumfa kusa da hanyar kogi, ina gyaran baro, garmar shanu, murhun gawayi, ƙafar injin ban-ruwa. Shekara biyu ban taɓa ƙofa ba.

Wanda ya dawo da ni kan hanya wani mai gyaran firji ne da ke kusa da rumfata. Kullum yana zubar da farin soson nan mai tauri, marar nauyi, irin wanda ake samu a kwalin sabon firji. Na ɗauki guntu na jefa a bokitin ruwa kwana uku, bai sha ba. Na ajiye wa kaji, suka ɗan tsattsaga suka bar shi. Na binne shi a ƙasa mai laima na yi sati ina zuwa dubawa, bai tsiro ba. Kuna dariya, amma wanda ya ga abin da na gani sai ya duba. Daga baya na gano ana sayar da shi falle-falle a wurin masu kayan gini, daga Kano ake kawowa.

Yadda ake yi ke nan, ku saurara. A gama waldar firam da fallen waje, layi cikakke ba ɗige ba. A bari ya huce, a shafa fenti ciki da waje, na wajen fari. A yanka soson ya shiga cif, ba rata. Fallen ciki siriri ne, da sukuru ake ɗaure shi, wuta ba ta ƙara zuwa kusa. A sama a kifa masa ƙarfe kamar hula don ruwa ya zame, a ƙasa a huda ƙananan ramuka don wanda ya shiga ya fita. Hinji uku, ba biyu ba. Ta farko da na yi haka, a mota na ɗora ta na kai wa Alhaji Lawan har Nguru, ban gaya masa ina zuwa ba. Na tarar Hajiya ta koma zaure tun tuni, shi kuma ya rame. Ya zagaya ƙofar sau biyu, ya sa hanci ya shinshina, ya ce, “Ka rantse ba iri a ciki.” Na rantse. Ƙofar tana nan har yau, Hajiya kuma a ɗakinta ta ƙarasa sauran shekarunta, Allah ya jiƙanta.

To, kada ku ce daga nan kowa ya sa soso ya huta. Shekarun baya kaɗan wata malamar jami'a a nan Gashua, Malama Hauwa, ta sa na yi mata irinta. Na yi aiki mai kyau, na san na yi. Bayan sati ta kira ni a waya.

“Malam Ado, ƙofar nan taka ƙara zafi take yi. Na ajiye kwalin kyandir a garejin, yanzu kyandir ɗaya ne babba.”

Na ce a raina ko wani abin ne kuma ya tsiro. Na hau babur na je. Ƙofar lafiya lau, cikinta ba zafi. Amma ina shiga garejin na ji kamar ranar da na liƙe kaina. Na ɗaga kai. Kwano ne tsirara, ba silin. Na duba bango, ba taga, ba ko ramin iska. Ƙofar ma arewa take kallo, rana ba ta taɓa ta sai a gefe. Na ce, “Malama, idan kun dawo daga aiki, yaya kuke yi?” Ta ce tana shigar da mota ta rufe nan take, don kada zafi ya shiga.

Na ce, “Malama, kuna da kular abinci?”

“Ina da ita.”

“Idan kun zuba ƙanƙara, me take yi?”

“Ta riƙe sanyi.”

“Idan kun zuba tuwo fa?”

Sai ta fashe da dariya. Kwano yana zubo zafi daga sama, injin mota yana kawo nasa daga titi, ƙofata kuma ta tsare hanya ta hana kowa fita. Da ƙofar banza ce mai kafofi, da wani zafin ya sulale.

Laifina ne, domin tef kawai na kai gidan, ban ɗaga kai ba. Na gaya mata haka. Aka kira kafinta ya buga silin, aka fasa ramukan iska biyu a saman bango aka sa musu raga, na ce ta riƙa barin ƙofa a buɗe mota ta huce kafin ta rufe. Cikin sati garejin ya zama wurin da za ka iya zama ka ci abinci.

Don haka ga amsarku. Idan ƙofar tana kallon yamma, ko akwai ɗakin mutum a jikin garejin, ko a ciki kake wuni kana aiki, tana da amfani, kuma kuɗinka bai tafi a banza ba, da sharaɗin ka fara gyara sama ka ba iska hanya. Idan kuwa mota ce kaɗai a ciki, rana ba ta dukan ƙofar, ka sayi farin fenti, ka dasa dalbejiya a gaba, ka riƙe sauran kuɗinka. Na sha gaya wa mutane haka, su yi fushi su tafi wurin wani, don sun fi son a ce musu e.

Malama Hauwa ba ta yi fushi ba. Wata Juma'a ma, shago a rufe, ta yi tambaya har gidana, tana so in je in duba gidan ƙanwarta. Aka nuna mata inda nake ajiye babur. Ta same ni kwance a ciki a kan tabarma, da tsakar rana, iska tana ratsa ni, har na ɗan ja mayafi. Ta tsaya tana kallon ƙofar wurin. Zana ce, ta ciyawa, na ɗaure ta da igiya a jikin gora.

“Malam Ado, wannan fa?”

“Ƙofar garejina ce, Malama.”

Ta shigo, ta tsaya, ta ji yadda wurin yake. “Ai nan ya fi nawa sanyi.”

“Ya fi, Malama. A duk ƙofofin da na sani ba wadda ta kai ta. Rana ba ta ratsa ta, iska tana wucewa. Ɓarawo ne kawai ba ta tarewa, shi kuma babur ɗin nan ko ya ɗauka sai ya dawo da shi.”

“To me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?”

Na tashi zaune, na gyara hula. Na ce, “Malama, ni mai walda ne. Zana ba ta walduwa.”